John Glenn Tsakanin Masu Musu da Masu Kirari

Duk inda aka zauna hira aka ambaci mutanen da suka tafi sararin samaniya, da wuya a rasa mutum biyu a wurin. Na fari shi ne mai musu. Da an fara maganar sai ya karkace hula ya ce, "Ƙaryar Turawa ce. Ɗan Adam da ko rimi ya hau sai jiri ya kwashe shi, shi ne zai bar ƙasa ya zaga duniya?" Na biyu shi ne mai kirari. Shi ya yarda an tafi, amma a wurinsa waɗanda suka tafi ɗin ba irin sauran mutane ba ne. In ya ɗauko labarinsu sai ka ce maroƙi a ƙofar fada: wane namijin duniya, wane bai san tsoro ba, wane shi kaɗai ya yi. Kullum cikin gardama su ke, ko wane yana ganin ɗan'uwansa wawa ne, alhali kuwa rijiya guda su ke sha. Dukansu sun ɗauka aikin ya fi ƙarfin mutum. Ɗaya ya ce tun da ya fi ƙarfin mutum, ba a yi ba. Ɗaya ya ce tun da an yi, wanda ya yi ya fi mutum. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi.

Labarin John Glenn, Ba'amurke na fari da ya zaga duniya a cikin kumbo, ya isa ya kashe bakinsu su duka. Labarin kuwa ya shafi ƙasar nan, domin ta bisa Kano mutumin ya wuce, kuma ya yi magana da ma'aikatan wata tasha da ke Kano yana can sama.

An haife shi ran 18 ga Yuli, 1921, a jihar Ohio ta Amurka, ya girma a wani ƙaramin gari, New Concord. Ubansa mai aikin famfo ne, watau mai haɗa bututun ruwa a gidajen mutane, uwarsa kuwa malamar makaranta. Yana cikin karatu a kwaleji Jafan ta kai wa Amurka hari cikin Disamba, 1941, sai ya ajiye littafi ya shiga soja, ya koyi tuƙin jirgin sama. Sau 59 ya fita yaƙi da jirgi a Yaƙin Duniya na Biyu, sau 90 a yaƙin Koriya. Da aka gama, sai ya zama mai gwada sababbin jirage. Aikin nan shi ne a ba mutum jirgin da ba a gama sanin halinsa ba, ya tashi da shi, ya komo ya rubuta duk aibin da ya gani. Cikin 1957 ya ƙetare Amurka daga gaɓar yamma zuwa New York cikin sa'a 3 da minti 23. Cikin Afrilu, 1959, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta zaɓi mutum bakwai da za ta horar, yana cikinsu, shi ne kuma babbansu a shekaru.

Amma wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Rasha ta riga Amurka. Ran 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya zaga duniya sau ɗaya cikin minti 108. Cikin Agusta na shekarar Gherman Titov ya zaga ta sau 17. Amurka kuwa iyakar abin da ta iya a shekarar shi ne ta cilla mutum biyu, Alan Shepard da Gus Grissom, ko wanne ya hau ya sauko cikin kamar minti 15, ba tare da ya zaga ba. Mai kirari ya riƙe wannan tun yanzu: Glenn shi ne mutum na uku da ya zaga duniya, na biyar da ya shiga sararin samaniya.

To, a fara da mai musu. Babbar hujjarsa ita ce, me zai riƙe kumbo a sama ya hana shi faɗowa? Tambayar tana da kyau, laifinsa kawai shi ne ba ya jiran amsa. Ga amsar. In yaro ya jefa dutse, dutsen zai yi gaba kaɗan sa'an nan ya faɗi, domin ƙasa tana jan ko wane abu zuwa gare ta. In ƙato ya jefa, dutsen zai fi nisa. Harsashin bindiga ya fi su duka. Duniya kuwa a dunƙule ta ke kamar ƙwallo, sabo da haka in abu ya yi nisa ƙwarai, ƙasar da zai faɗa a kanta tana lanƙwashewa tana kauce masa. In gudunsa ya kai wajen mil biyar cikin daƙiƙa guda, watau mil 17,500 cikin sa'a, to, gwargwadon yadda ya ke faɗowa, gwargwadon yadda ƙasa ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. Yana faɗuwa, amma ba ya isowa. Haka zai yi ta kewayawa. Abin da kan rage wa abu gudu iska ce, shi ya sa sai an kai kumbo can bisa inda iska ta kusa ƙarewa. Ba abin da ke riƙe da kumbo. Faɗuwa ya ke yi kewaye da duniya, kuma ana iya lissafta faɗuwar nan da fensir a kan takarda.

Ran Talata, 20 ga Fabrairu, 1962, da ƙarfe 9 da minti 47 na safe agogon wurin, roka mai suna Atlas ta tashi daga Cape Canaveral, ɗauke da Glenn a cikin wani ɗan kumbo da 'ya'yansa suka raɗa wa suna Friendship 7, watau Zumunci. Faɗin gindin kumbon bai fi ƙafa shida da 'yan kai ba, mutum ba shi da wurin miƙewa tsaye. Ya hau har wajen mil 160 a inda ya fi nisa da ƙasa, wajen mil 100 a inda ya fi kusa. Cikin mintoci kaɗan ya ƙetare Tekun Atlantika ya shigo bisa Afirka. A Kano lokacin la'asar ne, cikin hunturu, tsakiyar watan azumi. Amurka ta riga ta kafa tashoshi 18 kewaye da duniya, har da jirage biyu na ruwa, don kada kumbon ya daɗe ba wanda ke jinsa. Biyu daga cikinsu a Kano da Zanzibar su ke. Da Glenn ya iso bisa Kano ya leƙa ta taga, ya gaya wa ma'aikatan tashar yana ganin ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka amsa masa cewa lalle mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ya san ƙurar da mutumin nan ya gani.

Daga nan ya wuce bisa Tekun Indiya, rana ta faɗi, ya shiga dare. Mutanen birnin Perth na Ostireliya sun riga sun shirya, suka kunna fitilun gidajensu da na tituna, ya hange su daga sama, ya ce a yi musu godiya. Da gari ya waye masa a bisa Tekun Fasifik sai ya ga waɗansu ƙananan abubuwa dubbai suna ƙyalƙyali kewaye da kumbon, kamar ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Bai san ko mene ne ba, ya kuma faɗi haka. Sai cikin Mayu na shekarar, da abokinsa Scott Carpenter ya tafi, ya bugi bangon kumbonsa ya ga sun tashi, aka gane ɓarɓashin ƙanƙara ne da ke manne a jikin kumbo. Ko wane zagaye bai cika sa'a ɗaya da rabi ba. Sau uku Glenn ya zaga, sau uku ya ga faɗuwar rana, ya sauka a teku bayan sa'a 4 da minti 55.

Mai musu zai ce, "Ai duk su suka faɗa. Gwamnatoci ba su ƙarya?" Suna yi mana. A nan yana da gaskiya, kuma ya kamata a ba shi ita. Rasha ta ɓoye cewa Gagarin da laima ya sauka, dabam da kumbonsa, ba ta amsa ba sai 1971. Amurka kuma ba don zumunci ta kashe dukiyar nan ba, ko da ya ke haka aka rubuta a jikin kumbon. Gasa ta ke yi da Rasha, ita roka Atlas ma asalinta an ƙera ta ne don ta ɗauki bam. Amma wannan gasar ita ce ke karya mai musu. Abokin gaba ba ya rufa maka asiri. Rasha tana da masana da na'urorin da za su gane in tafiyar ƙarya ce, kuma ba abin da zai fi mata daɗi kamar ta kunyata Amurka a idon duniya. Me ta yi? Washegari shugabanta Nikita Khrushchev ya aika wa shugaban Amurka John Kennedy saƙon taya murna.

Har wa yau, maƙaryaci ba ya gayyatar jama'a su kalli faɗuwarsa. Amurka a gaban 'yan jarida da talabijin ta ke harba rokokinta. Ran 6 ga Disamba, 1957, rokarta Vanguard ta ɗaga kaɗan daga ƙasa ta faɗo ta kama wuta, duniya tana kallo tana dariya. Kuma ba a mutuwa a cikin tatsuniya. Grissom, wanda aka zaɓa tare da Glenn, ya ƙone da mutum biyu cikin kumbo wajen gwaji a 1967. A shekarar Vladimir Komarov na Rasha ya mutu da laimarsa ta ƙi buɗewa. Mutum bakwai suka hallaka a jirgin Challenger a 1986, bakwai a Columbia a 2003. Waɗannan suna da iyaye da 'ya'ya da kaburbura. Sa'an nan tafiyar ba ta tsaya ga Amurka da Rasha ba. Arnaldo Tamayo Méndez, baƙar fata daga Kuba, ya tafi a 1980. Sultan bin Salman na Saudiyya ya tafi a 1985. Ɗaruruwan mutane daga ƙasashe masu yawa, waɗansu ma ba su ga maciji da juna, sun je sun komo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wace irin ƙarya ce za ta shekara sittin a bakin abokan gaba ba wanda ya fasa ta?

Sai mai kirari. Cutarsa ta fi ta mai musu wuyar ganewa, domin a cikin yabo ta ke ɓoye. Yabon gwani ya zama dole, gaskiya ne. Glenn ba matsoraci ba ne. A 1959 shi da abokansa shida suna tsaye suna kallo wata Atlas ta fashe a sama. Waɗansu biyu masu ɗauke da kumbo ba mutum suka lalace a 1960 da 1961. Ya san wannan duka, ya hau. Amma jarumta kaɗai ba ta kai kowa sama ba. Kafin a yarda a sa mutum, sai da aka sa wani biri mai suna Enos ya zaga duniya sau biyu cikin Nuwamba, 1961. Aka yi ta ɗaga ranar tafiyar Glenn, wani lokaci don gajimare, wani lokaci don an ga aibi a jikin roka. Ran 27 ga Janairu ya kwanta a ɗaure cikin kumbon fiye da sa'a biyar, sa'an nan aka ce ya fito, yau ba tafiya. Maroƙi ba ya yi wa wannan kirari, alhali kuwa irin wannan haƙuri da bincike su suka komo da mutumin gida da ransa.

Akwai wata mace baƙar fata, Katherine Johnson, gwanar lissafi a ma'aikatar NASA da ke jihar Virginia. A zamanin da ta fara aiki, a 1953, dokar wariya tana nan, baƙaƙe dabam, farare dabam, har wurin cin abinci. Kwamfuta ce ta lissafta hanyar da kumbon Glenn zai bi, amma kwamfutocin lokacin sababbi ne, ba a gama amincewa da su ba. Kamar yadda ita kanta ta ba da labari daga baya, Glenn ya ce a ba ta lissafin ta sake yi da hannu, in ta ce daidai ne, zai tafi. Ta yi kwana ɗaya da rabi a kai da ɗan injin lissafi na bisa tebur, amsarta ta dace da ta kwamfuta. Da Glenn ya komo, miliyoyin mutane suka cika titunan New York suna yi masa tafi. Ita kuwa sai 2015, tana da shekara 97, aka rataya mata lambar girma ta shugaban ƙasa. Shi Glenn ya san hannun da ya dogara a kai. Masu yi masa kirari ne suka shekara hamsin ba su san sunanta ba.

A dubi kuma abin da ya faru a sama. Ƙarshen zagaye na fari, na'urar da ke daidaita kumbon da kanta ta fara tangarɗa, dole Glenn ya karɓi tuƙin da hannu. Wannan aikinsa ne, ya kuwa yi shi da kyau. Amma babban haɗarin na ranar, mutanen ƙasa ne suka gan shi. A gindin kumbo akwai garkuwa mai tare zafi, domin in kumbo ya komo cikin iska da irin gudun nan, yakan yi zafin da zai narkar da ƙarfe. Sai wata alama ta nuna wa ma'aikatan ƙasa garkuwar ta saki. In haka ne, mutumin zai ƙone ƙurmus. A bisa garkuwar akwai ƙunshin ƙananan rokoki na birki, ɗaure da madauri uku na ƙarfe, waɗanda aka saba yarwa in sun gama aiki. Manyan ma'aikata suka yi ta gardama, a ƙarshe aka yanke a bar ƙunshin a ɗaure, ko madaurin sa riƙe garkuwar. Duk wannan ba a gaya wa Glenn dalili ba sai dab da saukowa. Tasha bayan tasha ana yi masa tambayoyi a kaikaice, har ya fara zargi da kansa. Da ya shigo iska, wuta ta rufe kumbon, magana ta yanke 'yan mintoci, yana ganin gutsattsarin ƙarfe suna wucewa ta taga suna ci da wuta, bai sani ba ko na birki ne ko na garkuwa. Laima ta buɗe, ya faɗa Tekun Atlantika, jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Da aka bincika, ashe garkuwar lafiya lau ta ke, ɗan maɓallin da ya ba da alamar ne ya lalace. Glenn ya nuna bai ji daɗin ɓoye masa da aka yi ba, yana kuwa da gaskiya, domin mai rai a cikin jirgi ya fi kowa cancantar sanin halin jirgin. Ina namijin duniyar da ya yi shi kaɗai? Ransa yana hannun masu lissafi, da masu sauraro a Kano da sauran tashoshi, da ma'aikacin da ya ɗaure madauri.

Akwai kuma abin da mai kirari ba ya so a tono. Wani likita, Randolph Lovelace, wanda ya gwada lafiyar maza bakwai ɗin, ya yi wa waɗansu mata matuƙan jirgi irin gwajin a 1960 da 1961. Mata 13 suka ci, ta farinsu Jerrie Cobb. Aka tsai da shirin. Cikin Yuli, 1962, wani kwamiti na majalisar Amurka ya zauna ya ji ko ana zaluntar mata. Cobb ta yi magana. Aka kira Glenn, wata biyar bayan tafiyarsa, lokacin da maganarsa ta fi ta kowa nauyi a ƙasar. Abin da ya faɗa shi ne, maza ke zuwa yaƙi, su ke tuƙa jirage, su ke gwada su, rashin mata a fagen nan kuwa haka tsarin zaman jama'arsu ya ke. Ka ji hujja. Doka ta ce sai wanda ya gwada jiragen yaƙi na soja za a ɗauka, soja kuwa ba ta barin mace ta tuƙa su. An kulle ƙofa an ɓoye mabuɗi, sa'an nan a ce ba su shigo ba. Abin da ya fi ciwo, dokar ta ce sai mai digiri, shi Glenn kuwa ba shi da digiri sa'ad da aka zaɓe shi a 1959, aka duba gwanintarsa aka ɗaga masa ƙafa. Wanda aka sassauta wa doka, shi ne ya tsaya a kan doka da aka zo kan waɗansu. Ba a cika shekara ba, ran 16 ga Yuni, 1963, Valentina Tereshkova ta Rasha, wadda ta yi aiki a masaƙa, ta tashi ta zaga duniya sau 48. Amurka ba ta aika mace ba sai 1983, da Sally Ride ta tafi. Jerrie Cobb ta mutu a 2019 ba ta je ba. Mutum tara ya ke, bai cika goma ba, kuma wanda ya ɓoye wannan a tarihin Glenn ya ci amanar matan nan sau biyu.

Sauran rayuwarsa ma irin ta mutane ce, da hawa da faɗuwa. Ya bar NASA a 1964 ya shiga siyasa. Mutumin da ya zaga duniya lafiya sai ga shi ya zame a ɗakin wanka, ya bugu a ka, jiri ya hana shi sakat watanni, dole ya janye daga takara. Ya sake nema a 1970, ya faɗi. Sai 1974 ya ci, ya wakilci Ohio a Majalisar Dattawa shekara 24. Aikinsa mafi amfani a can ba shi da armashin da za a yi masa kiɗa: yana cikin manyan waɗanda suka tsara dokar 1978 ta hana bazuwar makaman nukiliya. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1984, bai kai ko ina ba, ya fito da bashi mai nauyi. Ya shiga cikin dattawa biyar da aka bincika kan hulɗarsu da wani attajiri, Charles Keating. A 1991 kwamitin ya wanke shi daga laifi, amma ya ce bai yi aiki da hankali ba.

In ana neman jarumta a gidansa, a dubi matarsa Annie, wadda ya aura a 1943. Tana da i'ina mai tsanani, har ba ta iya magana a waya, in ta shiga kanti sai ta rubuta abin da ta ke so. A haka ta zauna a idon duniya, matar mutumin da kowa ke son ji daga gidansa. Tana da shekara 53, a 1973, ta shiga wani horo na mako uku, ta sake koyon numfashi da furta kalma tun daga tushe. Ta fito tana magana, daga baya har ta riƙa koyarwa a kan irin lalurarta. Shekara 73 suka yi tare.

Ran 29 ga Oktoba, 1998, Glenn ya koma sama cikin jirgin Discovery yana da shekara 77, ya yi kwana tara, ya zaga duniya sau 134. Dalilin da aka bayar shi ne a ga yadda jikin tsoho zai yi, domin abin da zaman sama ke yi wa ƙashi da tsoka da barci ya yi kama da abin da tsufa ke yi. Masu suka suka ce tukwici ne na siyasa, kuma ba a gane halin tsofaffi da tsoho guda. Maganarsu ta biyu gaskiya ce. Amma a lura da yadda ya tafi. Dattijon majalisa, mai suna a duniya, ya koma ɗalibi watanni, yana karɓar umurni daga waɗanda ya haifa, yana miƙa hannu ana ɗibar jininsa, yana barci da wayoyi manne a kansa. Cikin abokan tafiyarsa akwai mace likita daga Jafan, Chiaki Mukai. Mutanen Perth kuma suka sake kunna masa fitilu. Ya rasu ran 8 ga Disamba, 2016, yana da shekara 95, shi ne na ƙarshe cikin bakwai ɗin.

Wani zai ce, to, mene ne abin ɗaga murya? Mai musu da mai kirari hira kawai su ke yi, wa suka cuta? Sun cuci yaron da ke zaune a gefen tabarma yana saurare. Daga bakin mai musu yaron zai koyi cewa duk abin da bai gane ba ƙarya ne, sabo da haka ba sai ya wahala ya gane ba. Daga bakin mai kirari zai koyi cewa manyan ayyuka na waɗansu zaɓaɓɓu ne da aka haifa da su, sabo da haka ba nasa ba ne. Ta ko wace hanya yaron ya zauna ke nan. Alhali abin da ya kamata ya ji shi ne ɗan mai aikin famfo ne ya hau, macen da aka ware wa wurin cin abinci ce ta duba lissafin, kuma sai da aka nemi fili a Kano kafin zancen ya haɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi mai musun ma, in ya tashi daga gardama, gida za shi ya kalli ƙwallo ta faifan da ke fuskantar tauraron ɗan Adam, a ƙasar da ita kanta aka harba mata nata tauraron, NigeriaSat-1, tun 2003.

Kumbon Friendship 7 yana nan ajiye a gidan kayan tarihi na jiragen sama a Washinton, da tabon wuta a gindinsa. Wanda ba shi da halin zuwa can, akwai shaidar da ta fi kusa. Tun Nuwamba, 2000, ba a taɓa rasa mutane a cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ba, wadda ke kewaya duniya a nisan wajen mil 250. A waɗansu ranaku, bayan magariba ko kafin asuba, ana ganinta da ido, kamar tauraro mai haske ƙwarai, tana tafiya a hankali ba ta ƙiftawa, ta ƙetare sama cikin 'yan mintoci. Gani ya kori ji. Mai musu ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Mai kirari ma ya fito, ya tuna waɗanda ke ciki ma'aikata ne, suna gyaran famfo, suna share ƙura, suna rubuta abin da suka auna. In yaron nan na gefen tabarma ya tambaye su me ya hana ta faɗowa, kada su kore shi. Su ɗauki dutse su jefa, su fara masa bayani daga nan.